Ƙwaron Mabera

Na ce wa Gwaggo Kulu ƙwaro ya hana ni barci,
da safe ta aiko Basharu da kwalbar fiya-fiya.
Na karɓa, na yi godiya.

Kwana uku ina farautar waƙafi ɗaya.
Kwamfuta ta yi zafi kamar tandar masa,
na ɗora ta bisa murfin randa ta huce,
ni kuwa Sakkwato ta ci gaba da gasa ni.

Alhaji Maiturare na son manhaja
mai tuna masa waɗanda yake bi bashi,
ta manta masu bin sa.
Na ce sai wata biyu.
Ya ce, "Ba danne-danne ba ne kawai?"

A gidan suna ni ne mai gyaran waya:
wannan ta cika, wannan ta sha fura,
wancan ya manta lambar sirrinsa,
ni yake harara.

Jiya da asuba aikin ya tashi sumul.
Ban taɓa komai ba.
Ban tambayi dalili ba.
Na rufe kwamfuta a hankali
kamar mai fita ɗakin jinjirin da ya samu barci.

Sannan NEPA ta kawo wuta.