Allon Bakin Hanya a Tennessee

Duk shekara, idan ƙanƙara ta saki ƙasa,
nakan zo da gwangwanin fenti da ɗan buroshi,
in kifa bokiti, in hau,
in bi haruffan ɗaya bayan ɗaya.
Ba wanda ya sa ni. Ba wanda ya hana.

Allon ƙarfe ne a kan sanda guda,
tsakanin kwalbati da shingen gidan Pruitt.
Layi tara gare shi, duk na haddace:
shekarar da aka buɗe, shekarar da wuta ta ci rufi,
sunan alƙalin da ya ba da fili,
sunan ƙungiyar da ta biya maƙera.
'Yan matan kuwa, rabonsu can a ƙasa:
ɗalibai 40.

Ya ce "a nan". Ba a nan ba ne.
Can ne, ƙetaren rafi, inda waken suya ya rufe ƙasa.
Mota ba ta bi ta can,
shi ya sa aka kinkimo tarihi zuwa bakin kwalta.

Kakata Ozella tana cikin arba'in ɗin.
A wuya take rataya takalmanta,
tafiyar mil uku, don kada su cinye,
sai a bakin ƙofa ta wanke ƙafa ta saka.
Kuɗin makaranta ƙwai goma sha biyu.
In kaji sun ƙi, ɗaurin itace.
Malama Tolliver ba ta taɓa ƙirgawa a gabanta ba.

Ubanta ya ce karatu ba ya tatsar saniya.
Ta tatse saniyar tun da duhu, ta tafi.
Ana haka har shekara uku.
Ran nan mai kanti ya turo takardar bashi,
ya ce dattijo ya dangwala hannu.
Yarinya ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa:
"Baba, gishirin nan sau biyu aka rubuta shi."
A hanyar gida bai ce uffan ba.
Ya dai ɗora ta a kan alfadari,
shi ya taka.

Wannan ba ya kan allo.
Abin da ke kai kashin tsuntsu ne, da tsatsa,
da ramin harsashin samari masu gwada hannu.
Harsashin ya cinye sifilin arba'in,
ya bar su su huɗu.
Ban toshe shi ba.
Nakan zagaye bakinsa da ruwan gwal,
rami ya koma sifili,
rana tana bi ta cikinsa da yamma.

Ɗazu wata tirelar katako ta rage gudu.
Direba ya leƙo: "Uwa, wani ne ya rasu a nan?"
Na ce makaranta ce.
Ya ce ina take?
Na nuna masa wake.

Ya yi dariya, zai ja,
sai ƙofar gefe ta buɗe, 'yarsa ta diro,
da giɓi a baki, da takalmi ƙafa ɗaya.
Ta tsaya tana haɗa baƙi da wasali,
tana tuntuɓe a kan sunan alƙali.
Da ta zo ƙasa ta ce, "Su wa da wa?"

Na ce, ɗaya kawai na sani.
Ta ce, "Faɗa mini."
Ubanta yana danna ham.
Na faɗa. Ta maimaita, ta ruga,
ta bar mini sawun yatsa a ɗanyen fenti.

Hadari na haɗuwa ta bayan dutse.
Saura layi biyu,
gwiwata kuma ta fara magana.