Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Ana sallame Asuba nake ɗaure igiya,
daga Jekadafari in miƙi titi har Pantami,
in zaga filin wasa, in juyo
kafin mai ƙosai ta sauke kasko na biyu.
Shekara uku ke nan, tun da likita ya auna jinina
ya ce, "Ko ka rage tumbi, ko tumbi ya rage ka."

Tumbi ya tafi. Sai ƙafa ta shigar da ƙara.

Ba targaɗe ba ne, ba ƙaya ba, ba kaushi ba.
Wuta ce can gindin yatsu,
kamar na taka murhun mai shayi da toka ta lulluɓe.
A zagaye na biyu take kamawa.
Da dare in zuro sawu daga mayafi
ina laluben sanyin siminti
kamar wanda allurarsa ta faɗi a duhu.

Goggo Dudu ta ce sammu na tsallaka a mararraba.
Hammayo ya ce, "Da furfurarka?
Wa ya biyo ka, mai bashi ko kura?"
Na yi dariya. Ƙafa ba ta yi ba.

Babayo, mai ɗinkin takalma a bakin Tashar Dukku,
shi ya karɓi kambas ɗina yana jujjuyawa
yadda mahauci ke duba ƙafar sa.
Ya danna ƙasan, ko lotsawa bai yi ba.
"Wannan tun bara ya mutu, gawa kake sakawa.
Ga shi ya matse, ƙafa kuwa kumbura take in ta sha gudu.
Ka tamke igiya kamar bakin buhun wake,
jini ta ina zai bi?
Safarka ta leda, gumi ya rasa ƙofa,
cin ruwa ya yi gida tsakanin yatsunka."

Na ce, "Nawa ne gyaran?"
Ya ce, "Ba a yi wa gawa magani.
Je ka gwanjo da yamma, sa'ad da ƙafa ta gama faɗinta,
ka gwada, ka bar wa babban yatsa wurin numfashi."

Rifkatu maƙwabciyarmu, nas ce 'yar Kaltungo,
ta saurara tana tsintar shinkafa.
"Mai takalmi ya yi rabin aikina.
Gobe kada ka karya, zo a ɗiga jininka.
Suga ma ta tafin ƙafa yakan yi sallama,
haka jijiya in ta rasa abincinta."
Na kwana ina ƙirga cokulan da nake zuba wa shayi.

Awo ya ce ban faɗa ba,
amma ina tsaye a bakin rijiya.

Yanzu in na dawo, ga baho, ga ruwan randa,
ban da ƙanƙara, ta ce ita ma wuta ce da farar riga.
In tsane tsakanin yatsu ɗai-ɗai,
in kwanta rigingine in jingina sawu da bango,
autata tana tambaya ko sabuwar nafila ce.
Safar auduga biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a igiyar shanya.
Na bar wa motoci kwaltarsu, ina bin yashin gefe.
Kwana uku gudu, na huɗu na ƙafa ne.
Cokali ɗaya a shayi. Wannan ya fi duka ciwo.

Wutar takan leƙo har yau,
sai dai na daina zaginta,
tambayarta nake, me kika zo faɗa?

Jiya na hango Hammayo a kwanar filin wasa,
da silifas, yana haki, hula a hannu.
Ban tambaye shi wanda ya biyo shi ba.
Ƙafarsa na duba, na ce,
"In ka huce, muje wurin Babayo."