Mai Jera Haruffa Yana Tuna Eleuterio

Shekara talatin da ɗaya ina jera maganarsa da dalma,
harafi bayan harafi, a juye.
Kafin kowa a Valparaíso ni nake karanta shi,
daga dama zuwa hagu,
shi kuwa dama can a hagun yake tsaye.

Eleuterio Mancilla, ɗan mai wankau a tudun Barón.
Ƙugiyar tashar jirgin ruwa ta cinye wa ubansa yatsu uku,
kamfani ya biya da buhun fulawa da "sai haƙuri".
Yatsun nan uku su ne littafinsa na fari.
Mutum ɗari biyu suka saya.
Ragowar, mai kifi ya naɗe sardin da su.
Ya yi dariya har da tari,
ya ce, labari dai ya koma hannun masu shi.

Mujallarmu ran Alhamis take fitowa, in an sami takarda.
Sai tsakar dare yake hawowa,
kwat ɗinsa na warin taba da ruwan sama,
ya ajiye sharhi, ya ce, "Nibaldo, kar ka taɓa mini waƙafi."
Ina taɓawa. Bai taɓa ganewa ba.

Alƙalaminsa reza ne, ba ya tambayar gemun wa.
Ya rubuta wa wani mawaƙi mai lambar yabo:
baitocinka gidan attajiri ne,
fitila ko'ina, ba kowa a ciki.
Shekara tara ba su gaisa ba.
Ranar da mawaƙin ya mutu,
shi ya riƙe kan akwatin har maƙabarta.

'Yan jam'iyyarsa ma ba su sha ba.
Suka ce ya gyara ƙarshen littafinsa na uku,
wai ma'aikaci ba ya mutuwa da shakka a ransa.
Ya ce, "Nawa da ita ya mutu. Ina wurin."
Suka karɓe katinsa a ɗaki mai hayaƙi.
Ya fito, ya sayi lemo biyu, ya ba ni ɗaya,
hannunsa na rawa wajen ɓarewa.

Ba waliyyi ba ne, kar a ce na ce.
Bashina na kansa har gobe.
Ya san sunan kowane ɗan dako da ke yajin aiki,
ya manta ranar auren 'yarsa Griselda.
Tausayin talakawan duniya ya cika masa ciki,
na gida suka kwana da ƙanzo.

Sai safiyar da jiragen yaƙi suka juyo da bakinsu gari.
Sojoji suka hawo bene, suka kifar da akwatunan haruffa,
kalmomin da ba a riga an faɗa ba
suka watse ƙarƙashin takalma kamar tsakuwa.
Ya fice cikin motar burodi.
Shekara goma sha shida yana goge daɓen asibiti a Malmö,
yana aiko mini da wasiƙa da sunan wata inna.
"A nan ba mai hana ni rubutu, Nibaldo,
ba kuma mai jin haushinsa. To, me zan rubuta?"

Da ya dawo, ofishinmu ya zama kantin takalma.
Matasa suka ba shi kujerar gaba, suka tafa,
ba wanda ya karanta shi, ba wanda ya musa masa.
Wannan ya fi gudun hijira yi masa ciwo.

Griselda ce ta rufe masa ido, duk da haka.

A aljihuna akwai layi ɗaya na dalma
da na tsinta a ƙasa ranar sojoji.
Rabin jimla ce, ta tsaya a kan "amma".
Idona ya tafi, da yatsa nake karanta ta yanzu.
Waƙafin da ke gabanta nawa ne.