Arba'in da Ɗaya

Ran Laraba, sha ɗaya saura kwata,
Sahabi ya kaɗa ƙararrawa.
Ba gobara ba ce, mun sani,
tun Litinin aka ce gwaji za a yi.
Amma ƙafa ba ta san gwaji ba:
Luba ta bar takalmi ɗaya bisa matakala.

Ni ke riƙe da takardar sunaye.
Mu arba'in da ɗaya ne a maɗabar nan ta Mabera,
tsakanin takarda, tawada da man inji.
Duk abin da wuta ke marmari
muna da shi, tuli guda.

Ƙofar baya, mai koriyar kibiya,
mun iske ta da kwaɗo.
Makulli na aljihun Jabbi,
Jabbi ya tafi Tsohuwar Kasuwa sayen igiya.
Muka juyo muna turereniya,
kwalayen kalanda sun cinye rabin hanya.
Modi ya koma ɗauko waya.
Akanta ya rungumo akwatin kuɗi
sai ka ce ɗansa na fari.

Minti tara.
Sahabi ya dubi agogo, ya yi shiru.
Shekara ashirin ya yi a motar kwana-kwana,
tabon bayan hannunsa ya ishe mu wa'azi.

Gindin dogonyaro, rana na dukan ƙeya,
na fara kira.
Na'am. Ga ni. Na'am.
Arba'in.
Na sake bi da yatsa, kai bayan kai.
Arba'in dai.

Inno Kulu.
Mai shara, wadda sanƙarau ya tafi da jinta
tun tana 'yar shekara bakwai.
Na hau da gudu, na same ta a ɗakin ajiya
tana goge taga, hankalinta kwance.
Ta nuna mini gilashin da haɓa:
ya fita?

Ya fita, Inno. Ya fita tas.

Na riƙo hannunta muka sauko.
Ba wanda ya ƙara dariyar takalmin Luba.

Kafin la'asar an ɓalle kwaɗon,
kwalaye sun koma sito.
Sahabi ya ce a sayo jar fitila mai walƙiya,
irin wadda ido ke ji.
Kafin ta iso, ni ne ƙararrawar Inno,
in ba ni nan, Modi ne.

Laraba ta sama za mu sake.
Sunanta da ke can ƙasan takarda,
bayan na direba da na maigadi,
na ɗauko shi da jan biro
na kai shi layin farko.