Na Ɗauka Na Share

Shekara tara ina kwance wayoyin mutane
a rumfa mai faɗin tabarma biyu, a Fam Santa.
Ran da maigidana Tasi'u ya miƙo min sukudireba
abu ɗaya ya ce: gyara gilashi, kau da ido,
wanda ya ba ka wayarsa ya ba ka uwar ɗakinsa.

Na riƙe.
Hajiya Tabawa ta Yakasai, tata ta faɗa randa.
Na busar, na kunna, saƙo ya faɗo
kamar tsaka daga azara.
Na kife ta a benci har mai ita ta dawo.

Jiya Nazifi mai caja, bakinsa cike da gurasa,
ya ce wai akwai rumbu, ba na gero ba,
inda hukuma ke son a tara sawun kowa:
wa ka kira, ina ka leƙa, ƙarfe nawa,
kana Kurna ko kana gindin gadar Ƙofar Nasarawa.
Wai saboda masu satar mutane.
Na ce to.
Mu ma gona muka sayar muka fanso Saminu,
har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura.
In rumbun zai kama su, wa zai ƙi?

Sai da dare a Gwammaja, an ɗauke wuta,
na tuna abin da na tambayi wayata
cikin Rajab ɗin bara, biyu da kwata,
Mansura na barci, ta ba ni baya:
shekara shida shiru, daga namiji ne?
Wane asibiti ke gwaji ba a kiran suna da ƙarfi?
Ban gaya wa Inna ba.
Ban gaya wa aminina ba.
Da asuba na goge da ɗan yatsa,
na ɗauka na share.
Ashe tsintsiyata iyakarta bakin ƙofa.

Malaminmu ya ce mala'ikan hagu
yakan ɗaga alƙalami, ya dakata,
ko bawa zai tuba kafin tawada ta sauka.
Wannan magatakardan ba ya dakatawa.
Bai san tuba ba, bai san wasa ba,
bai san hannun ƙanena ne ya ari wayar ran Talata ba.

Kakana ya yi wa gidanmu soro biyu
don baƙo ya tsaya, ya yi sallama uku,
in ba a amsa ba ya juya.
Yanzu baƙon yana aljihuna,
ni nake saya masa data.

Kuma mabuɗin rumbun, a hannun wa?
Mulki riga ce, yau wuyan wannan, gobe na wancan.
Ko wani akawu da albashinsa ya makara,
mai gidan haya na jiransa a waje.
Ba na cewa zai sayar.
Na dai san abin da yunwa ke sa hannu.

Yau da hantsi wani saurayi ya zo,
yana waige kamar wanda ya taka sawun ɓarawo.
Ya ce, Oga, a goge min komai, komai.
Na karɓi ɗari biyar ɗinsa,
na danna, allo ya yi fari fat kamar an wanke.
Ya yi ajiyar zuciya, ya yi godiya, ya tafi.

Na buɗe baki in kira shi.
Janareton maƙwabci ya tashi.