Kurma Mai Ɗaurin Ganga

A Dole Kaina, bayan rumfar masu banda,
nan kakana Arzika ke ɗaurin ganga.
Shekara tara rabon kunnensa da amo,
amma kawo kowane ice mai fata,
ya dafa, ka buga, ya faɗa maka garinku.

Kalangu, in ji shi, a maƙogwaro yake jin sa.
Ɗan gidan mahauta, bakinsa ba ya hutawa:
matse tsarkiya, ya kira sunan ubanka,
sassauta kaɗan, ya tuna maka bashin tsire.

Ran kasuwa Ajani direba ya zo da tasu,
ƙira ɗaya da kalangu, kamar 'yan ɗaki guda.
Kaka ya rungume ta, Ajani ya sa gula.
"Wagga garaje gare ta, tana haɗiye magana.
Namu shina tsayawa shi ja numfashi."
Ajani ya ja ƙafa a ƙasa, wai haka namu ke tafiya.
Har la'asar ba wanda ya sauko.

Gangar noma a ciki take sauka.
Dum. Sai jira.
Dum.
Daidai ɗaga garma da kifa ta.
Wanda bai taɓa fid da kunya ba
shi ke cewa ta cika nawa.

Hamani Bazabarme ba ruwansa da fata.
Ƙwarya yake kifawa, tsinkaye a hannu biyu,
kamar ƙanƙara ta sami rufin kwano.
Wannan, in ji Kaka, haƙori take kamawa.

Wata safiya wani masunci ya gangaro daga Mali
da ganga mai ƙugun turmi, jembe ya kira ta.
Ba gula, ba sanda, tafi da yatsu kawai,
tsakiya ta yi gurnani, gefe ya yi tsawa.
Kaka ya dafa, ya daɗe bai ɗaga hannu ba.
"Ban san garinku ba, yaro,
amma akuyar ga an ja ta ba tausai.
Sake bugawa."
Ya sake. Sau bakwai na ƙirga.

Da dare na ce, Kaka, wace ce babba?
Ya kalli bakina yana motsi,
ya miƙo mini basilla da kirgi:
"Jiƙa fatar can. Dundufar maƙera ce,
jibi suke aurar da ɗansu."