Leda Ɗaya

Hadari ya haɗo ta Kakuri,
amma ni ba sama nake kallo ba,
yatsun Hindatu nake kallo.
Su ke fara sanin ruwa zai sauko.

Shekararta bakwai.
Ta iya faɗin "sikila"
tun ba ta iya rubuta sunanta ba.

Ƙarfe biyun dare ta ce, "Baba, ana sara min ƙafa."
Na laluba aljihu: ɗari uku, da rasit ɗin jiya.
Tun da masaƙa ta yi shiru
aljihun nan bai ƙara nauyi ba.

Ban ƙwanƙwasa wa kowa ba,
langa-langar da ta raba mu ce ta kai labari.
Sai ga Rifkatu da fulas na ruwan zafi,
mijinta yana tayar da Keke.

Muka haye gada, kogi na huci.
Nas ta ce jini ya yi ƙasa, a nemo leda ɗaya.
Nawa bai dace ba.
Bulus ya naɗe hannun riga, bai ce uffan ba.

Da asuba ta buɗe ido, ta nemi koko.
"Da sukari," in ji ta.
Na fita nema,
takalmi ɗaya nawa, ɗaya na uwarta.